ZARTO DA GIZAGO: Baitoci da Sharhinsu a kan Tsada, Araha da Amana

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Godiya ta tabbata ga Allah wanda ya saukar da ƙarfe, ya tsirar da itace, ya sanar da ɗan Adam yadda zai haɗa su ya amfana. Tsira da aminci su tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa, da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, waɗansu daga cikin 'yan'uwa masu sana'ar katako, kafintoci da masassaƙa, sun yawaita tambaya a kan kayan aikinsu. Suna cewa zarto da guduma da magagari na zamanin iyayensu sun fi na yanzu nesa ba kusa ba, na yanzu kuwa ka saya yau, jibi ya dakushe ko ya karye. Suna son su ji, shin wanda ke sayar da irin waɗannan ya ci haram ko bai ci ba, kuma idan aiki ya lalace a hannun mai aiki da su, alhakin yana wuyan wa. Sai na tsara baitoci goma sha uku, na bi su da sharhi gwargwadon abin da ya sawwaƙa, ina roƙon Allah ya sa mu dace.

Mu gode wa Allah da yai mana ƙarfe,
Da icce, ya hore su don sassaƙawa.

Salati ga Manzo da alai, sahabbai,
Da duk wanda ke bin su har ran tsayawa.

Sana'ar itace ta Annabi Nuhu,
Da Zakariya, ba ta karɓar rainawa.

SHARHI

Ka sani, ya ɗan'uwa, Allah ya datar da ni da kai, cewa wannan sana'a tana da asali mai girma. Annabi Nuhu, amincin Allah ya tabbata a gare shi, da hannunsa ya sassaƙa jirgi, kuma ya tabbata cikin Sahihu Muslim cewa Annabi Zakariya kafinta ne. Mumbarin farko na masallacin Madina, mai matakala uku, wani bawa kafinta na wata mata daga cikin mutanen Madina ne ya yi shi, da itacen da aka saro a wurin da ake kira Gaba. Har ma gizago ya shiga littattafan hadisi, domin a labarin kaciyar Annabi Ibrahim yana ɗan shekara tamanin an ambaci wata kalma wadda malamai suka yi saɓani a kanta, wasu suka ce sunan wani gari ne a Sham, wasu suka ce gizagon masassaƙi ne.

Imamu Gazali, Allah ya ji ƙansa, ya lissafa sana'o'in da rayuwa ba ta tsayuwa sai da su cikin farillan da idan wasu sun yi sun ɗauke wa saura, ya kuma nuna cewa manomi da masaƙi da magini duk suna jiran maƙeri da masassaƙi su yi musu kayan aiki. Mu ma nan haka abin yake. Allon da muka fara karatu a kansa, masassaƙi ne ya fere shi daga icen aduwa da gizago, gizagon kuwa maƙeri ne ya buga shi. Saboda haka magana a kan ingancin zarto ba ta fita daga maganar addini ba.

Ana ce da ni zartunan da sun fi,
Suna shekaru babu mai dakushewa.

Na ce gaskiya ne, ka tambai kuɗinsu,
Gumin wata nawa aka sha zubarwa?

Na kirkin kaɗai ne ya kai zamaninmu,
Na banzansu tsatsa ta gama cinyewa.

SHARHI

Masu yabon kayan da ba ƙarya suke yi ba. A garin Shafil na ƙasar Ingila, wajen 1740 zuwa 1750, wani mai gyaran agogo sunansa Benjamin Huntsman ya gano hanyar narkar da ƙarfe a cikin tukunyar yumɓu har ya fito bai ɗaya, ba gurɓi mai taushi da gurɓi mai tauri. Daga nan garin ya ƙara shahara da wuƙaƙe da zartuna da magagari. A Faransa kuwa, gidan Peugeot, wanda mu muka sani da mota, sun fara sarrafa ƙarfe a 1810, kuma zarto na cikin abin da suka fara shahara da shi tun ba a san mota ba. Zakin nan da kake gani a goshin motocinsu tambarin zarto ne tun asali, an yi masa rajista a 1858, ana nufin haƙoran zartonsu kamar na zaki suke. A Amurka, Henry Disston ya kafa masana'antar zarto a Filadalfiya a 1840, kamfanin Stanley kuma a 1869 ya sayi haƙƙin ƙirar wani mutum Leonard Bailey, na ƙarfen nan da ake turawa bisa katako yana fere shi har ya yi sumul, wanda zan kira shi makankari a cikin wannan sharhi. Kafin nan yawanci da itace ake yin jikinsa, Bailey ya mai da shi zubin ƙarfe mai maɓallin daidaita baki. Irinsa ne kamfanin Record ya fara yi a Shafil a 1931, shi ma Stanley ya buɗe masana'anta a can a 1937. Waɗannan su ne sunayen da tsofaffin kafintocinmu suka tarar a kantunan Turawa, suka riƙe.

To, amma mai yabon nan yakan manta da tambaya ɗaya, watau nawa aka saye su. Kuma kuɗi ba a auna shi da lambar da ke jikinsa, domin dalar jiya ba ita ce dalar yau ba. Ma'aunin da ba ya ruɗi shi ne kwana nawa mutum zai yi yana gumi kafin ya mallaki abin. Ga misali wanda takardunsa suna nan. A ƙarshen 1796 wani kafinta a Ingila, Joseph Seaton, ya saya wa ɗansa Benjamin cikakkun kayan aiki, wajen guda 200, daga wani ɗan kasuwa a Landan, a kan fam 15 da sule 10 da kwabo 4. Ladan gwanin ma'aikaci a kudancin ƙasar a wannan lokaci kamar sule uku ne a yini. Ka raba sule 310 gida uku, za ka ga ya haura kwana 100, watau mutum ya yi aikin wata uku da wani abu bai ci ba, bai sha ba, bai biya haya ba. Don haka ne ƙungiyoyin kafintoci na can suka riƙa tara kuɗi suna biyan duk wanda gobara ko ɓarawo ya raba shi da kayan aikinsa, saboda wanda ya rasa akwatinsa ya rasa abincinsa. A nan ƙasarmu ma, waɗanda suka kai shekaruna sun san cewa yaro yakan yi shekaru a gaban maigidansa bai mallaki zarto nasa na kansa ba, kuma a shago guda zarto ɗaya ake karɓa-karɓa.

Sa'an nan baiti na shida yana nuni zuwa ga wani ruɗi da ke shiga hankalin mutane a kan duk abin da ya shuɗe. Tsohon zarton da ka gani a hannun dattijo, ka yi mamakin kyansa, shi ne wanda ya tsira. Takwarorinsa marasa kyau, waɗanda aka yi su shekara guda da shi, sun karye, an jefar, tsatsa ta cinye, ba wanda ya adana su balle ya nuna maka. Su kansu manyan kamfanonin nan suna da kaya masu daraja ta biyu da ta uku da suke sayarwa da wani suna dabam ga mai ƙaramin ƙarfi. Akwatin Seaton da na ambata yana nan a gidan tarihi na garin Rocesta, kayan ciki kusan sababbi, kuma dalilin haka shi ne mai shi bai yi aiki da su sosai ba. Wanda ya ɗauki zaɓaɓɓen jiya ya gwada da tarkacen yau bai yi adalci a awo ba, alhali an umarce mu da daidaita ma'auni ko da a magana ne. Haka mutane ke yi da malamai ma, su ɗauko Shehu guda na ƙarnin baya su gwada da almajiran unguwarsu, su ce ilmi ya ƙare.

Maƙeri yana bin abin da ake so,
Idan an ƙi mai kyau yakan bar ƙerawa.

Akwai zarto yau mai ci da kyawun haƙora,
Idan ya gaji babu hanyar gyarawa.

SHARHI

Duk da abin da na faɗa, raguwar ta faru, kuma tana da sababi. Ibnu Haldun, Allah ya ji ƙansa, a cikin Muƙaddimarsa wadda ya rubuta a 1377, ya keɓe fasali a kan kafintanci, ya nuna bukatarsa ga ilmin awo da lissafi, ya kuma kafa ƙa'ida cewa sana'a tana kyautatuwa ne idan masu neman ta sun yawaita, tana lalacewa idan sun ƙaranta. Abin da ya sami kayan hannu ke nan. A lokacin yaƙin duniya na biyu, daga 1939 zuwa 1945, an karkatar da tagulla da ƙarfe mai kyau zuwa makamai, har Stanley ya riƙa sa baƙar roba a wurin da yake sa tagulla, ya sa farin itace rinanne a wurin jan itace mai nauyi da yake yin mariƙi da shi. Bayan yaƙi an ɗan koma, amma bai daɗe ba, domin lantarki ya shigo. A 1946 kamfanin Black & Decker ya fitar da na'urar huda ta lantarki don masu gida, zarton lantarki kuma ya cika wuraren gini. Gwanaye, waɗanda su ne ke gane bambanci su biya kuɗinsa, suka koma ga injuna. Wanda ya rage yana sayen kayan hannu shi ne mai ɗan gyara a gida sau ɗaya a shekara, shi kuwa farashi kawai yake dubawa. Iyalan Disston suka sayar da masana'antarsu a 1955. Mariƙin itace ya koma roba, aka rage sharewa da daidaitawa, daga bisani aka kwashe yawancin aikin zuwa ƙasashen da ladan ma'aikaci ke da arha.

Ka lura da wani abu a nan, domin yana da amfani ga hukuncin da zai zo. Ƙarfe kansa bai lalace ba, masana'antun yau sun fi na da iya fitar da ƙarfe bai ɗaya. Abin da ke sa baki ya riƙe kaifi shi ne a sami sinadarin gawayi a cikin ƙarfen kamar kashi ɗaya cikin ɗari, a gasa shi ya yi ja daidai, a tsoma shi a ruwa ko mai ya yi tauri, sa'an nan a sake ɗumama shi kaɗan don kada ya yi gautsi. Idan aka gaggauta wannan, sai ya fito ko dai da taushi yana lanƙwashewa, ko da gautsi yana ɓantarewa. Bayan haka sai share ƙasan makankari ya miƙe sak, da daidaita kowane sashe da ɗan'uwansa. Duk waɗannan lokaci suke ci da hannun gwani, kuma su ne ake yankewa idan ana son a karya farashi, saboda ido ba ya ganinsu a kanti. Fenti da ƙyalli kuwa ba su da tsada.

Baiti na takwas yana magana a kan zarton da ya cika kasuwa yanzu, mai mariƙin roba, wanda bakin haƙoransa ya yi duhu-duhu. An ƙona haƙoran nan ne da lantarki har suka fi magagari tauri. Sabonsa yana ci ƙwarai, yana kuma daɗewa bai dakushe ba fiye da zarton da, wannan gaskiya ce da ya kamata a faɗa. Amma ranar da ya dakushe ya mutu, magagari zamewa yake yi a kansa. Zarton da kuwa, kafinta yakan matse shi tsakanin katako biyu, ya bi haƙoransa ɗaya bayan ɗaya da magagari mai kusurwa uku, ya karkata wannan dama ya karkata wancan hagu don kada ya maƙale a cikin itace, ya yi haka shekara da shekaru har faɗinsa ya ragu. Na farko haya ce kake biya lokaci bayan lokaci, na biyu mallaka ce da ake gado. Ba na cewa na farkon haramun ne, amma ni a ganina hasara ce babba a ce yaro ya gama koyon kafintanci bai taɓa wasa zarto ba.

A wajenmu kuma akwai sababi na kusa. A watan Janairu na 1994 aka karya darajar sefa da rabi, faran guda na Faransa ya tashi daga sefa 50 zuwa 100, duk abin da ake kawowa daga Turai ya ninka kuɗi a dare ɗaya. Kafintan da ke iya sayen zarton Faransa ya kasa. Ba a jima ba kayan Sin suka kwararo, musamman bayan shigarta ƙungiyar ciniki ta duniya a 2001. Kuma mutanen Sin suna yin mai kyau suna yin maras kyau, gwargwadon abin da mai oda ya biya. Ɗan kasuwarmu da ya je can ya ce a yi masa mafi arha, shi ya zaɓi abin da ya zo mana da shi.

Abu ƙasƙantacce halal ne a sai da,
Idan an faɗa, babu laifin sayarwa.

Haram ne a shafe shi fenti da suna
Na wani, a rantse, wannan cutarwa.

SHARHI

Nan ne gindin mas'alar. Asalinta labarin nan sananne da ke cikin Sahihu Muslim, na ranar da Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya wuce tarin abinci a kasuwa, ya sa hannunsa ciki ya ji danshi, mai shi ya ce ruwan sama ne ya taɓa shi. Ka duba da kyau, bai hana shi sayar da jiƙaƙƙen ba. Abin da ya zarge shi a kai shi ne ɓoye shi a ƙasa, ya kuma yi gargaɗi mai tsanani a kan algus. Daga nan muke fahimtar cewa ƙasƙancin kaya ba shi ne laifi ba. Shari'a ba ta wajabta wa kowa ya sayar da mafi kyau kaɗai ba, da ta yi haka da talaka ya rasa abin saye. Yaron da ba shi da komai, ya sami guduma da zarto na 'yan jikkuna ya fara gyaran benci yana ciyar da uwarsa, araha ta zame masa rahama, da babu gara ba daɗi. A zamanin kayan Shafil irin wannan yaro ba ya ko shiga sana'ar sai ya sami mai ɗaukarsa.

Amma malamanmu na Malikiyya, kamar yadda yake a Risala ta Ibnu Abi Zaid da Muhtasar na Halil, sun wajabta wa mai sayarwa ya bayyana duk abin da mai saye zai ƙi da ya san shi. Idan aibi daɗaɗɗe ya bayyana bayan ciniki, irin wanda ke rage daraja, mai saye yana da zaɓi, ya riƙe ko ya mayar ya karɓi kuɗinsa. Haka nan idan an sharɗanta wata siffa aka tarar babu ita. To, wanda ya sa aka buga masa tambarin Stanley ko na wani sanannen gida a kan kayan da ba nasu ba, ya haɗa laifi uku: ya yi wa mai saye ƙarya, ya ci sunan da wasu suka yi shekara ɗari suna ginawa, ya kuma kashe kasuwar maƙwabcinsa mai gaskiya da ke sayar da na ainihi. Wanda ya saro jabun yana sane, ya ce wa mai saye "asali ne", hukuncinsu ɗaya. Idan ya ƙara da rantsuwa, to ya ƙara wa kansa nauyi.

Idan ka ce, ai kowa a kasuwa ya san akwai na ɗaya da na biyu, farashi ma yana nunawa, sai in ce, wannan uzuri ne a kan wanda ya sani. Gogaggen kafinta da ya ɗauki zarto ya lanƙwasa shi ya ga ko zai koma, ya ƙyasta shi da farce ya ji amonsa, ya saya a kan kuɗin na biyu, ba a cuce shi ba, kuma a mashhurin mazhaba ba ya mayar da ciniki don kawai ya gano ya yi tsada. Amma wanda ya zo ya ce maka, "Alhaji, ni ban san kan abin nan ba, ka ba ni mai kyau a kan yadda kake sayar wa mutane", wannan ya miƙa maka wuyansa, malamai sun ware hukuncinsa, cutarsa haramun ce kuma yana da ikon mayarwa. Mafi yawan masu sayen kayan nan a yau irinsa ne, ɗan koyo, ko uba da ya zo daga ƙauye zai saya wa ɗansa.

Wasu 'yan'uwa sun ce kamata ya yi hukuma ta yanka farashi. An roƙi Manzon Allah haka a Madina lokacin da kaya suka yi tsada, bai yi ba, ko da yake wasu malamai sun yi rangwame idan 'yan kasuwa suka haɗa baki a kan cuta. Abin da magabata suka fi ba ƙarfi shi ne duba algus. Yahaya ɗan Umar, malamin Malikiyya na ƙasar Tunus a ƙarni na uku na Hijira, ya yi littafi sukutum a kan hukunce-hukuncen kasuwa. Da sarkin kasuwa da shugabannin 'yan tireda za su hana tambarin ƙarya kawai, su bar kowa ya sayar da na ɗaya da sunan na ɗaya, na uku da sunan na uku, da rabin kukan nan ya ƙare.

Talaka yakan sayi zarto sau uku,
Mai hali ɗaya tak, ba ya ƙara sayowa.

Kafinta, ka bar ɗora laifi ga ƙarfe,
Ga dutse a gefenka ka ƙi wasawa.

Maƙerin gari na nan da wuta da masaba,
Kana karya mai tayi har ya bar hurawa.

SHARHI

Hausawa sun ce sayen nagari mai da kuɗi gida, sun kuma ce araha ba ta ado. Maganar daidai ce, sai dai ana faɗa wa wanda ke da kuɗin nagarin ne. Wanda abin da ke aljihunsa bai kai ba, ya san na arhan zai mutu, yana saye yana sane, ya dawo ya sake saye, har jimillar abin da ya kashe ta wuce ta mai hali. Wannan haraji ne da talauci ke karɓa, ba wanda ya rubuta shi. Kuma nagarin bai ɓace daga duniya ba. Tun da Leonard Lee ya kafa Lee Valley a Kanada a 1978, Thomas Lie-Nielsen kuma ya fara nasa a Amurka a 1981, an koma yin makankari da ya kai na da ko ya fi shi, amma guda ɗaya ɗaruruwan dalolin Amurka ne, kuma da yawa daga masu sayensa ba da shi suke ci ba, nishaɗi ne. Idan ka mai da kuɗin nan kwanakin gumin kafintan Maraɗi ko Damagaram, za ka tarar mun koma kusa da lissafin Seaton. Ashe mai kyau bai taɓa yin arha ba, abin da zamani ya ƙaro shi ne maras kyau mai arha ƙwarai.

A nan nake ganin akwai haƙƙi a kan masu hali na cikinmu wanda ba a cika ambatonsa ba. Mutum yakan raba zakkarsa ɗari biyar ɗari biyar ga mutum hamsin, kowa ya ci a yini guda. Malamai da dama, musamman na Shafi'iyya, sun ce a ba mai sana'a abin da zai sayi kayan sana'arsa. Maigidan da yaro ya yi masa shekara biyar yana tura makankari, ranar sallama ya ba shi addu'a kaɗai, bai kyauta ba. Aron kayan aiki ma sadaka ce, kuma masu tafsiri da yawa sun ambaci gatari cikin ƙananan kayan amfani da aka zargi masu hana aronsu a ƙarshen Alƙur'ani.

Sa'an nan in juyo gare ku, ya ku masu tambaya, kada ku ce na tsaya a kan 'yan kasuwa. Wanda ya ba ka aikin rufin ɗakinsa bai yi ciniki da mai zarto ba, da kai ya yi. Idan yanka ya karkace, haɗi bai zauna ba, ka cike gurbin da ƙusa da garin katako da gam, ka shafe da fenti, damina ta zo iska ta yaye kwanon a kan 'ya'yansa, to abin da kake zargin mai kanti da shi ne ka aikata, ka sa jiƙaƙƙe a ƙasa busasshe a sama. A mazhabarmu mai sana'ar da ya kafa kansa don jama'a yana lamunin abin da ya karɓa ya tafi da shi, yana kuma biyan abin da ya ɓata da sakacinsa, dakushewar zarto ba ta cikin uzuran da ake karɓa. Yawancin makankarin arha, idan aka zauna aka goge ƙasansa a kan takardar yashi da aka shimfiɗa bisa gilashi, aka wasa bakinsa a dutse da haƙuri, yana yin aiki mai kyau. Aikin da masana'anta ta yanke don ta rage kuɗi ya dawo wuyanka, yini ɗaya ne ko biyu. Idan kuwa aikin ya fi ƙarfin kayanka, ka faɗa wa mai shi tun kafin ka karɓi kuɗin kafin alƙalami, ya zaɓa.

Baiti na ƙarshe a kan gizago ne da gatari, kayan da ba mu taɓa jiran jirgi ya kawo mana ba. Kakanninmu tama suke haƙowa su narke, har ƙarfen Turawa da tarkacen mota suka yawaita a ƙarnin da ya wuce aka bar narkarwa. Yau maƙeri yana neman sifirin na tsohuwar mota, wanda ƙarfe ne mai karɓar tauri, ya hura masa gawayin ƙirya, ya buga, ya tsoma. Gizagon da ya fito daga hannun gwani a cikinsu yana wasuwa, idan ya cinye a mai da shi maƙera a sake buɗe bakinsa, idan ƙota ta karye masassaƙi ya yi wata da kansa. Kuma mai shi yana nan cikin gari, ka san ƙofar gidansa, in ya cuce ka ka koma. Duk siffofin da muke kuka sun ɓace daga kayan kanti suna nan a wurinsa. Amma idan ya faɗi kuɗinsa sai mu yi ta tayi muna karyawa, muna ce masa na kanti ya fi arha, alhali ƙirya ta yi nisa, gawayinta ya yi tsada, sifirin ma masu sayen tsohon ƙarfe suna loda shi a manyan motoci suna fita da shi. Sai ya koma yin gizago da ƙarfen rodi mai taushi don ya dace da kuɗin da muka ba shi, ɗansa kuma ya bar zuga-zugi ya tafi kabu-kabu. Tayi halal ne, ba mai hana shi. Amma wanda ya san kuɗin sifirin da na gawayi da yinin da aikin ke ci, ya kuma ga mutumin a matse yake, sa'an nan ya karya shi ƙasa da haka, ina ji masa tsoron ya shiga cikin masu tauye wa mutane kayansu. Allah shi ne mafi sani.